Layin Gawayi a Bangon Kicin

Daura,
14 ga Mayu, 2012

Zuwa ga ƙanena Yahya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Wasiƙarka ta ta'aziyya ta iso, na gode. A ƙarshenta ka ce in zaɓi launi, za ka aiko da dutsen mabul daga Kaduna a ƙarasa kicin. Shekara shida ina riƙe da wata magana a kanka, yau zan faɗa.

Ka tuna zuwanka Sallar layya, shekarar da na bar koyarwa? Ka tarar da Maliki birkila yana awon bango. Matata Maiturare ta shekara talatin da huɗu tana wanke-wanke a duƙe a bakin rariya, har bayanta ya fara ciwo. Kantar siminti ta roƙa, mai tsawon ƙugunta, da sinki ɗaya na wanke kwanuka, don ta yi aiki a miƙe. Maliki ya tsayar da ita jikin bango, ya ja layi da gawayi. Ya ce kwana uku ya gama. Sai ka yi dariya a gaban kowa, ka ce tsohon hedimasta ba ya yin kantar siminti kamar mahauci. Kai ka manta kafin ka wuce Kazaure. Ni ban manta ba.

Na sallami Maliki. Na sayi sinkin ƙarfe mai rami biyu, na ajiye a ƙarƙashin gado. Na je Kano sau uku ina taya mabul. Na yi zane da rula, ina auna tayil da katako: wannan yana tara datti a tsakani, wancan ruwa zai ci shi. Fansho bai taɓa kai mabul ba, girman kai kuma ya hana ni komawa siminti. Duk damina Maiturare takan ce, cikin raha, Malam ai kwano bai san a kan me aka wanke shi ba. Nakan ce ta bari, abin kirki nake so in yi mata. A ƙarshe ta daina tambaya. 'Yarmu Raihana ce ke ɗaga ta in ta gama wanke-wanke.

Na ɗora maka laifin nan tsawon lokaci, Yahya, don ya fi sauƙin ɗauka. Magana ɗaya ka yi. Sauran shekarun laifina ne, da duk karatuna.

Kada ka aiko da komai. Raihana ta so ta shafe bangon da farar ƙasa kafin addu'ar arba'in, na hana, don layin yana nan.

Ka gaida Hasana da yara. Allah ya bar zumunci. Maiturare ta rasu ran uku ga Afrilu, ba ta taɓa wanke ko cokali a tsaye ba. Sinkin yana cikin kwalinsa.

Yayanka,
Badaru