Layin da Inna ta bi

Bangi, daren Alhamis, bayan girbi

Yau aka yi zaɓen shugaban iyayen yara a lakwal ɗin unguwarmu, kuma Baba ya faɗi. Da wannan kujerar ya fara tun ina aji ɗaya, shi ya dage har aka mai da azuzuwan zana na siminti. Daga nan ya zama konseye, wato kansila, ya yi mataimakin magajin gari, sannan ya sha kaye. Bana ya ce zai koma inda ya faro, alhali likita ya hana shi hayaniyar taro saboda hawan jini.

Kamar yadda aka saba, 'yan takara suka ba jama'a baya, kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so, ba waiwaye sai darakta ya gama ƙirga. Ni ina bayan Baba. Da ya juyo, sai ga Inna a layin Malam Idi tela, ita da duk matan da suke lambun albasa tare. Wallahi na ji haushinta.

Muka koma gida. Da ta aje masa tuwo ya ce, "Hajiya, har da ke?"

Ta ce, "Alhaji, masu son kujerar nan suna da yawa. Ni kuwa kai kaɗai gare ni."

Ya ce an yi masa maguɗi a cikin gidansa, sai ya kai ƙara. Amma ya cinye tuwon, har ya nemi ƙari. Ga minsharinsa nan ina ji. Rabonsa da barci haka tun ranar da ya ce zai tsaya.