Kada Ƙasa Ta Ci Ka

Litinin, 6 ga Oktoba

Ina tsaka da tace zuma aka bugo waya daga Dutse Mai Tsarki. Wani tsoho ne cikin 'yan zuhudun Kirista da ke zaune a can, Fada Gerasimos, murya kamar daga cikin rijiya. Wai Fada Nifon ya cika shekara uku a kabari, za su tono shi ranar 21 ga wata, su wanke ƙasusuwan da ruwan inabi, su jera ƙoƙon kansa a ɗakin ƙasusuwa kamar kowa. Ko wani namiji zai zo daga gida?

Na ce ni ban san wani Nifon ba, yayana Stratos na sani.

"Shi ɗin ne, ɗana, sunan da muka ba shi a nan ke nan. Mahaifiyarku tana da rai?"

Na ce tana nan. Sannan ya ce, "In ƙasa ta karɓi mutum, ƙashi yakan fito tas, wani ma kalar zuma. In ta ƙi, gawar ba ta ruɓe ba, mukan mayar mu ci gaba da roƙo. Ka gaya mata haka, za ta gane."

Ba inda za ni. Mutumin da ya tsallake ya shiga zuhudu ya bar ni da Mama da amya ɗari, Baba ko sati bai yi a ƙasa ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na gaya wa Mama. Wake take tsincewa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Matata Fotini ce ta ja ni bayan ƙofa ta ce, "Kai ma dai! Ka manta abin da ta ce masa ranar da ya tafi?"

Ban manta ba. A bakin ƙofar nan ta kwance gashinta ta yi masa baki, ta ce, "Je ka, Stratos. Kada ƙasa ta ci ka." Tun daga ranar tagar kicin mai kallon Dutsen a rufe take, shekara goma sha tara.

Zancen tsofaffi. Ƙasa ba ta da kunne.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na kira ofishin masu ziyarar Dutsen da ke birnin Tasalonika, don dai Fotini ta bar ni in sha iska. Suna, lambar katin shaida, sannan, "Kai Kiristan Otodoks ne?" Na ce an dai tsoma ni a ruwan baftisma ina jariri, ba a nemi shawarata ba. Bai yi dariya ba. Wai gurbi ya cika har watan gobe. Sai ya ce in dakata, ashe gidan zuhudun sun riga sun aiko da sunana tun makon jiya.

Makon jiya ai ba su ma kira ni ba tukuna.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Gidan kofi. Kawu Mitsos yana ganina ya ɗaga murya: "Jama'a, Lambros zai hau Dutse! Ku gaya wa fadan-fadan su tokare rufin coci." Kowa ya kwashe da dariya, har da ni. Da zan fita ya riƙo hannun rigata ya ce, "In an buɗe kabarin, kada ka tsaya ta wajen kai." Ban tambaye shi dalili ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Ɓauren da ya zube a tsakar gida tun watan jiya yana nan yadda ya faɗo. Ba ƙuda, ba tururuwa. Ƙudan zuma ma, da ba sa raina zaƙi, kewaye shi suke yi.

Sanyi ne ya faɗo da wuri.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Bari in rubuta.

Da hantsi na je kafa turke a gindin ɓaure, shebur ya taɓa buhu. Na manta a nan na binne karenmu Murgos bara waccan. Na ja bakin buhun. Yana kwance da gashinsa, da jan ƙyallen da Fotini ta ɗaura masa a wuya, hancinsa har da laima. Ko wari babu. Da ya buɗe ido da ban yi mamaki ba.

Na juyo sai ga Mama tsaye a bayana, ban ji takunta ba. Ta daɗe tana kallo.

"Yumɓu ne, Mama. Yumɓu yana riƙe abu."

"Rufe shi," kawai ta ce.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tunda ba mai karantawa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Fotini ta haɗa jaka. Dogon wando, riga mai dogon hannu, takalmin tafiya, zuma kwalba biyu. Ta cire tsiren alade da na cusa, wai a can ba a cin nama, kada in kunyata ta.

Na zauna gaban Mama na ce, "Mace ba ta taka Dutsen nan, ke kin sani. In akwai magana, ni kaɗai ne ɗan aikenki."

"Shi ya nemi gafarata?"

"Ya mutu, Mama."

"To, ya jira. Ni ma na jira."

Na buga ƙofa na fita. Su biyun halinsu ɗaya, ni ne jakin da ke tsakani.

Litinin, 20 ga Oktoba

Da safe na shiga kicin, haske ya kashe mini ido. Taga a buɗe, ƙarfenta ya karye wajen buɗewa. Ga Dutsen can a ƙetaren ruwa, kusa fiye da yadda nake tunawa.

Mama ta ɗauko kwalbar ruwan inabin Baba ta ƙarshe, wadda ta hana kowa taɓawa ko a bikinmu. Ta cire toshiyar, ta kafa bakinta a bakin kwalbar, ta yi magana a ciki. Ta daɗe. Ban ji komai ba sai sunansa sau uku, da kalmar da take kiranmu da ita muna yara. Ta toshe ta miƙo mini.

"Da wannan za a wanke shi. Kada ka buɗe a hanya, kada ta zube."

Na buɗe baki zan yi ba'a, na ga fuskarta, na fasa.

Talata, 21 ga Oktoba

Uranupoli, garin da ake hawa jirgin zuwa Dutsen. Na karɓi takardar izini, ga hatimi, ga sunana da na Baba. Jirgin ruwa cike da maza, matansu na ɗaga hannu daga gaɓa. Mai jirgi ya ce a zuba jakunkuna a ƙasa. Na ba da jaka, kwalbar kuwa tana cikin rigata. Ba wani abu ba ne, gudun fashewa ne kawai.

Mun ɗan yi nisa Fotini ta kira, layi na yankewa.

"Lambros, gidan nan ba ya zaunuwa. Gindin ɓauren ne, inda ka binne Murgos. Wari, ga ƙudaje kamar an yi kiransu!"

"Mama fa?"

"Ta kai kujera can ta zauna. Na ce ta taso, ta ƙi. Tana ta kuka tana shaƙa."

Layi ya ɗauke. Wani tsohon ɗan zuhudu da ke gefena ya gyaɗa mini kai, wai ya ga na yi alamar gicciye.

Ni dai ƙuda na kora.