Hoton da Ya Fito da Fuskar Baba

Daga yayanki Bukar a Gaya, zuwa ga ƙanwata Falmata a Kumasi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya maigidan naki da yara? Mu nan lafiya lau, gyaɗa ma ta yi kyau bana.

Hoton da kika matsa in aiko don kada ki manta kamannina ya samu. Ilu na Ajingi, mai yi wa motocin gyaɗa fenti, shi ya zana ni da fentin mai a guntun katako. Da farko, saboda ladabi, ya goge min tsufa, ya share tsagen gidanmu, ya haska ni fayau. Na fito a baje kamar ƙadangaren da mota ta taka. Matata Hajara ta ce min, "Malam, wannan saurayin ɗan gidan waye?"

Na ce, "Ilu, ƙanwata za ta ce an yi mata musaya."

Sai ya duhunta bangon bayana, ya jira ya bushe, ya sa inuwa a ƙarƙashin rawani da kwarmin ido, ya ɗiga ja a kumatu, ya mayar da tsage. Shuɗin rawani kuwa shafi kan shafi ya yi masa har ya ɗauki ƙyalli. Hanci ya taso kamar a kama.

Sai dai fa da ya gama, marigayi Baba ne ya fito, har da hararar nan tasa. Sule mai fataucin goro zai kawo miki. In kin buɗe kada ki durƙusa, ni ne.

Ki gai da mutanen gida, ki sa mu a addu'a, mu da mai hararar. Wassalam.