Gishirin da Na Hana Rabi

Zuwa ga Hajiya Ladi, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya haskaka makwancinki, na ɗauki alƙalami ne don ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana sai ke.

Kin tuna ranar da kika sumbaci goshin 'yarmu Rabi, kika ce, "Malam, yarinyar nan gishiri gare ta"? Tari ya ƙi barinta, majina mai kauri kamar ƙaro. Ni da na yi makarantar horon malamai, sai na yanke cewa gishiri ne ya yi mata yawa a jiki. Na sa kika riƙa ɗebe mata miya kafin ki zuba. Shekara huɗu tana cin tuwo da miya lami, tana leƙen kwanon 'yan'uwanta. Da bazara ta rasu.

Hajiya, ciwon ya dawo gidan nan. Hauwa'u ce, 'yar ɗanmu Sani, wadda aka haifa bayan tafiyarki. An yi ta ba ta maganin tarin fuka a banza, sai wata likita a Zariya ta gwada zufarta ta ce ciwon gado ne. Ruwa da gishiri ba sa isa hanyar numfashi yadda ya kamata, sai majina ta yi danƙo, ƙwayoyin cuta su sami mazauni. Zufa kuma tana kwashe gishirin jikinta. Ta ce a ƙara mata gishiri, musamman lokacin zafi.

A ƙara, Hajiya.

Yanzu Sani yana hanya da motar masara daga Dandume, matarsa kuma da tsohon ciki. Ni ke kifa Hauwa'u a cinyata safe da yamma, ina bubbuga bayanta don majinar ta fito. Jiya ta ce, "Kaka, da ƙarfi mana, ba ta taso ba." Iyakar ƙarfina ke nan, kuma ƙafata ba ta kai ni ko bakin zaure in kira wani.

Ban faɗa wa Sani abin da na yi wa yayarsa ba. Na kasa.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan Rabi, ya yafe mini. Ya bar mini hannuwan nan har yarinyar ta iya tari da kanta.

Mijinki,
Malam Isiyaku, Malumfashi