Jabun Sojojina Sun Narke, Injiniya Ya Tona Ni da Turanci

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana. Wanda ya san zagi kawai ya iya ya wuce abinsa, na sha wanda ya ishe ni. Ba ni da dogon karatu, saboda haka yadda abin yake ci min rai haka zan zubo shi.

An kore ni daga teburin wasan da ni na haɗa shi da hannuna. Wanda ya kore ni ba Balarabe ba ne, ba Bature ba ne, Bahaushe ne ɗan uwana wanda na girme wa nesa ba kusa ba, kuma a gaban mutane ya yi min.

Ni direba ne a Doha, ina kai ma'aikatan wani kamfanin gini Lusail in dawo da su. Na doshi hamsin, iyalina suna Funtuwa. Wanda bai zauna a nan ba ba zai san abin da ake kira Juma'a ba. Ka sauko daga masallaci, ka ci shinkafa, sai me? Ɗaki cike da maza amma kowa ya ba ɗan uwansa baya yana latsa waya, ba abin da kake ji sai gurnanin na'urar sanyi. Waje kuma rana kamar ta dafa mutum. Haka na yi shekaru har wani injiniya ɗan Kaduna da nake ɗauka ya manta kwali a motata, na bi shi da shi gidansa a Nu'aija. Na tarar da shi durƙushe a ƙasa gaban wasu 'yan mitsi-mitsin sojoji. Na ce, "Injiniya, da girmanka?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, zauna in kashe ka." Na zauna. Ya kashe ni kuwa, har sai da aka kira la'asar.

Ga waɗanda ba su sani ba, sojojin roba ne da ba su kai ɗan yatsa ba. A kwali suke zuwa gunduwa-gunduwa, kai za ka yanke, ka haɗa da gam, ka yi musu fenti da buroshi mai bakin allura. Sai a jera su a tebur mai duwatsu da gidajen ƙarya, a auna tafiyarsu da tef irin na kafinta, a jefa ƙwayar lido a ga wa ya harbi wa. Ba a sa kuɗi, kada wani ya ce min caca. Na san wasu za su ce tsoho da 'yar tsana. Ku faɗa. Ni dai tunda na zo ƙasar nan ranar ce farkon da na manta da agogo.

Da Injiniya ya samu kafil, wato ɗan ƙasa da zai tsaya masa a takarda, ya buɗe ɗan shago a Bin Mahmud, a saman wani wurin aski, wa ya tsaya masa? Ni. Na taɓa aikin kafinta da ƙuruciya, ni na tsinto katakon da aka zubar a wurin gini na haɗa masa teburin nan. Ni nake ɗauko masa kaya idan sun iso, ban taɓa cewa ya zuba min mai ba. Ni ne na fara sayen kwali a shagon tun ba a maƙala allon suna ba. A hankali mutane suka taru: wani nas ɗan Filifin, wani Bature malamin makaranta, Indiyawa, da samarin Larabawan ƙasar. Turancina bai wuce na hanya ba, amma a kan tebur shida shida ce a kowane yare. Ɗan ƙasa da ba zai dube ni ba in na tsaya kusa da motarsa a danja, a nan shi yake miƙo min kofin shayi ya ce, "Yalla ya Hajji!" wato in jefa. Kun san abin da wannan yake nufi ga mutum irina?

To sai tsada ta fara. Kowace shekara kamfanin da ke yin sojojin can Turai sai ya ƙara kuɗi. Kwali ya ƙara tsada, sojojin ciki su ragu. Sannan su fito da sabon littafin dokoki, sojojin da ka ɓata idonka kana yi wa fenti su zama ba sa iya kashe ko kaza, dole ka sayi sababbi. In na yi magana sai Injiniya ya ce, "Baba, ba ni ba ne, daga can ne." Da ƙasashen maƙwabta suka rufe iyakokinsu da ƙasar nan kaya suka koma zagayowa ta nesa, abin ya haukace gaba ɗaya. Albashina kuwa yana nan inda yake kamar an binne shi. Duk da haka ban bi masu saye ta intanet ba, na ce gara in saya a wurin namu. Ranar da na cire kunya na nemi ragi, sai ya ce ragi na masu saye da yawa ne duk wata. Wato yaran da suka zo jiya da katin ubansu su ne na gida, ni da na ga farkon wurin ni ne baƙo. Bayan nan ya kafa doka: teburin Juma'a na wanda ya sayi sojojinsa a shagon ne.

Yanzu ga nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Wani ya nuna min a waya inda ake yin jabunsu a Chana, kamar su ɗaya, kuɗin kuma bai kai rabi ba. Na yi ta juya abin a raina, daga baya na sayi igwa biyu da rundunar masu māsu. Na yi musu fenti na cusa su cikin na asali. Da Injiniya ya ce, "Baba, yaushe ka yi wannan arzikin?" na dube shi ido cikin ido na ce wani ne da zai bar ƙasar ya sayar min. Ƙarya na yi, da furfurata.

Abin da ya tona ni shi ne, ba a ɗaki nake ajiye sojojina ba. Akwai wani ustazu ɗan Gombe a ɗakinmu da ya ce mala'iku ba sa shiga inda siffofi suke, ya ce ko su ko shi. Ban son rigima, sai na mayar da su but ɗin mota cikin tsohuwar kula. Na asali sun yi shekaru a nan ba abin da ya same su. Ina zan san robar jabu ba ta jure zafi? Ranar wata Juma'a a tsakiyar zafin Agusta aka shirya gasa, shago ya cika. Na buɗe kula a kan tebur, sai wani wari kamar na kananzir ya tashi. Bakin igwa ya lanƙwashe ya kalli ƙasa, māsu sun yi laushi kamar taliyar da ta dahu, na asali kuma suna tsaye ƙyam a gefensu. Wani ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Injiniya ya ɗauki igwa ɗaya, ya shinshina, ya kankare gindinta da farce. Sai ya ɗaga ta sama ya yi magana da Turanci. Da Turanci, jama'a! Ban ji duka ba, amma na ji kalmar jabu, na ji ya ce a nan ba a wasa da kayan sata. Ɗan Filifin ɗin ya sunkuyar da kai. Na tattara kayana, soja ɗaya ya faɗi ƙarƙashin tebur, ban iya durƙusawa na ɗauko shi ba.

Tun ranar na koma Juma'ar da. Wani lokaci in ajiye mota a layin shagon in kalli fitilar saman, in ja in tafi. Matata ta ce muryata ta canza, me zan ce mata? Ba wanda ya san wannan harka a gida.

Shekaranjiya ya kira ni, na je lokacin da ba kowa. Ya kawo shayi, ya ce, "Baba, ka fahimce ni. In kamfani ya ji ana wasa da jabu a nan za su daina ba ni kaya. Haya ta tashi, ni ma da ƙyar nake numfashi." Wataƙila gaskiya ne, ban ce ƙarya yake ba. Sai ya ce ba wanda ya kai ni hannu a fenti, in dawo in riƙa yi wa kwastomomi a ɗakin baya, yana biyana da sababbin kwalaye. Na ce tebur fa? Ya ce, "Wannan a bari ƙura ta lafa tukuna."

To me zan yi, jama'a? In haɗiye in koma ɗakin baya, ko ba komai in riƙa jin muryoyinsu ta bango, wataƙila wata rana a ce in fito? Ko in riƙe mutuncina in zauna ina kallon silin har kwantiragina ya ƙare? Amma kafin ku amsa ku ji abin da na faɗa masa, don ban sani ba ko na bar wa kaina ƙofar komawa.

Na ajiye shayinsa ban sha ba, na ce, "Injiniya, na sayi jabu, na yi maka ƙarya, Allah Ya yafe min, kai ma ka yafe. Amma ranar nan mutum nawa ne masu jin Hausa a ɗakin? Ni da kai. Da ka ce min 'Baba rufe kular nan, ma yi magana,' wa zai sani? Kana da harshen da za ka rufa min asiri da shi, ka ajiye shi ka ɗauko na baƙi don su ji kai mai gaskiya ne. Yau da ba kowa ka tuna da Hausa. Duk sati ina yi wa mutane bauta a bakin sitiyari, rana ɗaya nake zama kamar kowa, ita ma kana so ka mayar da ni lebura. Nemi wani ya yi maka fentin."