Zuwa Shida da Muka Yi Neman Takardar Haihuwar Surukata

Zuwa ga Mai girma Babban Sakataren kwamin, wato ƙaramar hukuma, mai kula da ofishin takardun haihuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman izini in yi maka magana a bainar jama'a. Ban ambaci sunanka ba, ban kuma ambaci sunan kwamin ba, domin ban fito don in tozarta kowa ba. Kwaminonin kwarin Komadugu ba su da yawa, wanda maganar ta shafa zai gane kansa.

Sunana Hajara. Iyayena mutanen Damagaram ne, mahaifina ya daɗe yana da kanti a kasuwar Diffa. A nan aka haife ni, a nan na yi aure. Bayan haihuwata ta biyu na koma jami'a na karanta ilimin tafiyar da ayyukan gwamnati, har na yi watanni ina koyon aiki a wani ofishi irin naku. Saboda haka na san abin da ke bayan tebur, kamar yadda yanzu na san abin da ke gabansa.

Maganar ta surukata ce, Ya Falmata, mahaifiyar mijina. Babarbariya ce daga wani ƙauye na bakin kogi. Shekarar da mutanen bakin kogi suka watse, ta fito da zanen jikinta da jikoki biyu, ta zauna a bukkar zana wajen Assaga, kafin mijina ya lallashe ta ta dawo gidanmu. Duk rayuwarta tsakanin gida da gonar tattasai ta yi ta, ba wanda ya taɓa tambayar ta takarda. Bara ganinta ya fara dushewa. Likita ya duba ya ce ciwon irin mai cin gani a hankali ne, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ya rubuta mana mu kai ta Damagaram wurin ƙwararre, ya ce kada mu yi jinkiri. Ranka ya daɗe, ka san hanyar nan da shingayenta. Wanda ba shi da katin ɗan ƙasa ana sauke shi daga mota, kati kuwa ba ya samuwa sai da takardar haihuwa. Abin da ya kawo mu ƙofarku ke nan, lokacin ana dashen tattasai.

Ga ƙorafina na ɗaya. Ba a taɓa gaya mana abin da ake buƙata gaba ɗaya ba. Zuwan farko wani ma'aikaci ya karɓe mu da mutunci, wannan ina shaida masa, ya ce mu kawo takarda daga mai garin su Ya Falmata. Mai garin yana zaune cikin 'yan gudun hijira, muka nemo shi muka kawo. Zuwa na biyu aka ce saura hotuna. Zuwa na uku aka ce sai da shaidu biyu da suka girme ta, 'yan garinsu. Na duba bangon ofishin daga ƙofa har taga, babu ko takarda ɗaya da ke faɗin waɗannan abubuwa. Da an jero mana su tun ranar farko, da mako guda ya ishe mu.

Na biyu. Ina za a samo mutum biyu da suka girmi tsohuwa mai wajen shekara saba'in, daga garin da ya watse? Mijina ya bar aikinsa ya shiga nema. Ya sami Ba Modu a Shetimari, yana zaune wurin ɗansa mai lambu. Ya sami Ba Kyari can bayan Maine, yana fama da ƙafa. Dattawan nan ba su yi musu ba, suka ce ai Falmata ƙanwarsu ce. Muka kawo su ranar Talata da hantsi, aka ce mai ɗaukar shaida ya tafi taro. Muka zauna a inuwar bedi har aka kira la'asar, bai dawo ba. Mako na gaba muka sake ɗauko su, aka ce ya yi tafiyar aiki, kuma mabuɗin kabad ɗin da hatimi yake ciki yana aljihunsa. Ma'aikata uku ne zaune a ɗakin, babu wanda aka ba ikon ya saurari tsofaffi biyu ya rubuta abin da suka ce.

Ranar ce Ba Modu ya dube ni ya ce da Hausarsa ta Barebari: "'Yata, ran sunan Falmata ni aka aika da goro gidan kakanta. In wannan suke so su ji, ga ni na zo, su fito su ji." Bai ɗaga murya ba. Ya kama sandarsa, muka raka shi tasha.

Na uku. A aji, mushenmu, wato malaminmu, ya koya mana ginshiƙai uku na aikin gwamnati. Aiki ba ya tsayawa don mutum ɗaya ya yi tafiya. Duk wanda ya zo, daidai yake da wanda ke kusa da shi a layi. Kuma aiki yakan bi halin da jama'a suke ciki, idan halin ya sauya shi ma ya sauya. Na haddace su, na rubuta su a jarrabawa, na ci da kyau. Na san kai ma ka karanta su, wataƙila ma a littafi ɗaya. Ban jahilci wahalarku ba. Na san wuta tana ɗaukewa, na san rajista tana ƙarewa a jira wata, na san jama'ar da ta ƙaru a kwarin nan ta fi ƙarfin ma'aikata uku. Na ga ma'aikacinku yana cin abincin rana a kan teburinsa, mutane na tsaye a kansa. Amma duk abin da na lissafa a sama, babu wanda sai an jira Yamai kafin a gyara shi.

Na huɗu, kuma shi ya fi yi mini nauyi, domin da laifina a ciki. Bayan zuwa na biyar na kasa haƙuri, na kira wani abokin karatuna da ke aiki a wani babban ofishi. Ya yi mamaki, ya ce me ya hana ni faɗa masa tun farko. Waya ɗaya ya buga. Washegari aka shigar da mu ciki, aka ba Ya Falmata kujera, aka kawo mata ruwa. Ba a nemi ganin shaidun ba, sunayensu kawai aka tambaya. Hatimin da aka ce yana kulle ya fito. Kafin azahar an kammala abin da ke hannunku, aka nuna mana inda za mu kai sauran. Lokacin nan an riga an baza tattasai ja a ƙasa ana shanya.

Da muka fito, akwai wata mata zaune gefen randar ruwa, Bafillatana mai suna Dije. Duk zuwan da muka yi nakan tarar da ita. Takardar 'yarta take nema, domin an ce ba za a rubuta sunan yarinyar cikin masu jarrabawa ba sai da ita. Kullum sai ta bar shanu da ƙananan yara a ruga ta shigo gari tun da safe. Ta ga takarda a hannuna ta yi murna ƙwarai, ta ce: "Barka, Hajiya. Wa kuka gani?" Da zuciya ɗaya ta yi tambayar, so take ita ma ta je ta gan shi. Na ce Allah ya kawo nata, na ja hannun surukata muka wuce. Shekara uku na yi ina karanta cewa ni da Dije ɗaya muke a gaban tebur, ranar da aka gwada ni kuwa ta ƙofar baya na bi.

Mun kai Ya Falmata Damagaram. Ƙwararren ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma an tare ciwon kafin ya cinye shi, za ta riƙa ɗiga magani har ƙarshen rayuwarta. Ba zan ce ofishinku ne ya makantar da idon ba, domin likitan kansa bai rantse cewa zuwa da wuri zai cece shi ba. Tambaya ɗaya ya yi, me ya sa muka makara, mijina ya sunkuyar da kai. Ita dai ta ce haka Allah ya rubuta, ta yafe wa kowa. Yanzu idan aka yi sallama sai ta juyo da fuskarta duka kafin ta ga mai shigowa.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe. A rubuta duk abin da ake buƙata a liƙa a ƙofa, kuma a riƙa karanta shi da safe da Hausa da Barbarci da Fillanci, saboda yawancin masu zuwa ba su karatu. A naɗa wanda zai riƙe hatimi ya ɗauki shaida duk ranar da mai shi ba ya nan. A ba kowane mai zuwa 'yar takarda mai lamba da ranar dawowa. A sassauta maganar shaidu ga mutanen garuruwan da suka watse, ko ma'aikaci ya riƙa zuwa inda suke zaune ranar kasuwa. Idan kana buƙatar mai fassara ko mai rubuta sanarwar, ina da safiyar Asabar, zan zo ba tare da neman komai ba.

Roƙona na ƙarshe na Dije ne. Ban san lambar dosiyenta, wato fayil ɗinta, ba, domin ba a ba ta lamba ba. Amma ba za ta yi wuyar samu ba. Ka fito da kanka wata safiya ka duba gefen randa, ka tambaye ta sau nawa ta zo.

Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ya ba ka mataimaka na gari, ya sa ka gama da ita lafiya. Allah ya zaunar da kwarinmu lafiya, ya mai da kowa garinsa.

Wassalam.

Hajara, daga Diffa.