Jirgin Kafaran

Alhamis, 5 ga Afrilu 1962

Yau ba lakwal, wato ba makaranta, ranar ƙungiya ce. Ƙungiyar masu harhaɗa ƙananan jiragen sama ta Dogon Dutsi ke nan: Alphonse na gidan waya shi ne shugaba, ni Célestin ni ne jama'a. Ya shigo da kwali a hammata yana wani taku sai ka ce an naɗa shi sarauta. Ashe saƙona na Faransa, wanda nake jira tun kafin Kirsimeti, ya iso tun farkon mako. Mutumin nan ya ɓoye shi a ƙarƙashin teburinsa, yana gaishe ni kullum ba ko alama, wai doka ta ce ba a buɗe sabon kaya sai ranar Alhamis gaban kowa. Shi ya kafa dokar.

Jirgin fasinja ne mai inji biyu, irin wanda ke sauka a Yamai. Gutsattsarin roba masu ruwan toka, takardar zane, da 'yan tagogi ƙanana da in atishawa ta zo maka sai ka nemi rabinsu ka rasa. Na shinshina kwalin, ban san na yi ba sai da Alphonse ya fashe da dariya.

Shi littafi ya samu, na jiragen ɗaukar wasiƙa na zamanin da, bangon ya ɓare. Wani Bature da ya koma ƙasarsu ya bar shi. Muka duƙa kan hotuna har matata Marguerite ta fara buga murfin tukunya don mu san akwai mutane a gidan.

Danƙon liƙi ya daskare a hanya, rabi ya zama dutse. Za mu lallaɓa da sauran.

Juma'a, 13 ga Afrilu

Inna, mahaifiyata, ta zo daga ƙauyenmu Dumega a motar kasuwa. Ban san da zuwanta ba. Ta rame ƙwarai, ga tari mai fitowa daga can ƙasa.

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon katanga, kamar kullum. Ni ɗan fari ne. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, na gida ko na baftisma. Mushe take ce mini, kiran da yara ke yi wa malamin lakwal da Faransanci. Ina tsaye a gabanta take ce wa Marguerite, "Ki ce ma Mushe ba zama ni zo yi ba, magani ni zo nema." Marguerite ta juyo da fuskar gaske ta ce, "Mushe, ka ji." Na ce na ji.

Mun ba ta ɗakin da ke kusa da rumfa.

Litinin, 16 ga Afrilu

Majo, babban ma'aikacin likita, ya ja ni gefe. Huhu ne. Allura kullum har damina ta yi nisa, in an yanke a tsakiya ciwon zai dawo, kuma ba da wasa zai dawo ba. Inna ta ce ruwan farko na sauka za ta koma ta yi shuka. Na ce zan sa a shuka mata. Ta ce wa Marguerite gonarta ba ta san hannun haya ba.

Ina da daga yau zuwa ruwan farko in san yadda zan riƙe ta.

Lahadi, 22 ga Afrilu

Ista. Inna ta ci tuwo har da ƙari. Na ji daɗi fiye da yadda na nuna.

Alhamis, 26 ga Afrilu

Muna haɗa gangar jikin jirgin, sai inuwa a bakin ƙofa. Inna ce, ta ɗaga kai tana kallon tsofaffin jiragena da ke rataye da zare a jikin azara. Ta daɗe tana kallo.

"Suna tashi?" ta tambayi Marguerite.

Marguerite ta ce ba sa tashi.

"To mi an amfaninsu?"

Alphonse ya yi dariya har tabarau ya zame masa. Ya ce, "Inna, shekara da shekaru matata ke mini wannan tambaya." Ni, malamin lakwal guda, na koma kan liƙina.

Ba ta tafi ba. Ta ja tabarma ta zauna a bakin ƙofa har muka tashi.

Alhamis, 3 ga Mayu

Sabon kayan yau: Alphonse ya kawo ɗan gwangwanin fenti mai ruwan azurfa, direban motar wasiƙa ya taho masa da shi daga Yamai. Ni na kawo abin kunya. Na manta fiffiken dama a taga, rana ta lanƙwasa shi. Muka tsoma a ruwan ɗumi muka miƙar, amma sai an matse ɓarin sama da na ƙasa har danƙo ya kama, mu kuma hannayenmu duk a cike.

Marguerite ce ta ɗauka ta miƙa wa Inna, ta nuna mata inda za ta danne. Inna ta riƙe shi da yatsa biyu, a hankali, yadda ake riƙe ɗan tsako. Tari ya taso mata ta haɗiye shi don kada hannun ya motsa. Na ga yadda yatsun suka zama ƙashi zalla, na sunkuyar da kai ina neman tagar da ba ta ɓata ba.

Fiffiken ya fito sumul.

Talata, 8 ga Mayu

Raina a ɓace yake.

Marguerite ta same ni bayan lakwal tana ta kewaye-kewaye. Wai Inna ta ce Kafaran yana son jirgin in an gama. In an ba shi, zai bar ta ta zauna har ƙarshen allura. In ba a ba shi ba, ba ya zama a gidan da ba a gaishe shi ba, ita ma ba ta zama.

Na san labarin Kafaran, ji kawai nake kamar ban sani ba. Iskan da ke hawa Inna ne a wasan bori, cikin iskokin nan masu kwaikwayon soja. Bayan na bar gida ya kama ta, ban taɓa ganinsa a kanta ba, ban kuma so gani ba. Marguerite ta ce ta hango jar hula da usur a ƙasan kwandonta.

Na ce gidana gidan Kirista ne. Ni da ke koya wa yara dokoki goma, in ɗauki aikin hannuna in miƙa wa iska? Gobe maganar ta kai kunnen iyayen yara da mutanen majami'a. Na ɗaga murya, na tabbata an ji daga rumfa.

Marguerite ta ce ita 'yar aike ce kawai, kada in cinye ta.

Alhamis, 10 ga Mayu

Na gaya wa Alphonse. Ya cire tabarau ya yi ta gogewa. Ya ce a ƙasarsu Dahome kakarsa ma tana da nata, kuma ita ta yi masa rakiya ranar baftisma. Daga nan ya ce a kai wa Inna ɗaya daga cikin jiragensa, wani mai jan hanci, ai shi ba malami ba ne, ba mai binciken ɗan gidan waya. Na san yadda yake ji da wannan jirgi, ko ƙura ba ya bari matarsa ta share masa.

Marguerite ta kai saƙo ta dawo. Inna ta ce a yi wa baƙo godiya. "Amma ba na baƙo aka so ba. Wanda hannunshi ya yi aka so."

Tabarmar bakin ƙofa ba kowa yau.

Talata, 15 ga Mayu

Hadari ya haɗu gabas, bai zuba ba. Inna ta wanke zannuwanta ta ɗaure ƙunshi.

Alhamis, 17 ga Mayu

An gama. Azurfa daga hanci har wutsiya, farfela biyu suna juyawa in an hura. Shi ne mafi kyau da na taɓa yi, Alphonse ma ya yarda, shi da ba ya yabo sai da "amma". Ya ce mu rataye shi. Na ce fenti bai bushe ba.

Ya buɗe littafinsa zai nuna mini wani hoto, na kalla ban gani ba. Tari ake ta yi a ɗakin rumfa.

Juma'a, 18 ga Mayu

Inna Ajuma, ƙanwar Inna, ta zo kasuwa ta biyo. Ita ba ruwanta da kunyata, tun ina yaro ita ke goya ni, ita ke zagina. Sun daɗe a ɗaki su biyu. Da ta fito ta ce in raka ta tasha. Ta ce Juma'a mai zuwa, in ruwa ya sauka, za ta zo ta tafi da yayarta.

Na fara yi mata bayanin huhu da allura. Ta tsaya cak a gindin wani gawo ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai da karatunka duka, ka san yaushe Kafaran ya kama ta?"

Na ce ban sani ba.

Zan rubuta yadda ta faɗa, gwargwadon abin da na riƙe.

"Ranar da dogarawan Nasara masu jar hula sunka zo ɗibar yaran lakwal, kana ɗan mitsitsi, gida duka kuka aka. Ita tana daka. Ba ta ko ɗaga kai ba. Ɗan hwari na, in ta yi hawaye a yi ta yi mata dariya har ta tsuhwa. Ba ta iya tambaya ina anka kai ka, ba ta iya cewa a gaishe ka. Ta rame, munka ce ciwo na. Damina ta zagayo anka yi wasa, mai goge na ja, sai ga ta ta hwaɗi ta tashi da murya irin ta maza. Ka san mi ya hwara hwaɗi, gaban gari duka? 'Ina Maikano? Ya ci tuwo?'"

Maikano sunana ne na gida, na kafin lakwal. Rabon da in ji shi har na manta nauyinsa.

"Ba mai ce mata marar kunya, tunda ba ita ta hwaɗi ba. Daga ran nan duk wanda ya zo Dutsi ya koma, dole ya tsaya gaban Kafaran ya ba da labarinka. Ka yi tsawo? Ana bugunka? Kana da bargo? Ran da anka ce an yi maka wankan Kiristoci kowa ya zaci za ya yi hushi. Sai ya ce, 'To ya yi ƙiba?'"

Ta yi dariya, ta share ido da bakin zane. Ta ce, "Ita ba ta iya roƙonka komi, ɗan nan. Ko allurar ɗinki."

Motar ta cika ta hau. Na dawo ta bayan dutse don kada in gamu da kowa. Ban yarda da Kafaran ba, yau ma ban yarda ba. Amma na zauna a kan wani dutse na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina ɗakin kwanan 'yan lakwal.

Asabar, 19 ga Mayu

Ban ba kowa komai ba. Na ajiye jirgin a bakin ƙofar ɗakin rumfa ne kawai, can ya fi inuwa, fenti zai fi bushewa da kyau. Da na dawo daga lakwal ba ya nan. Ban tambaya ba.

Alhamis, 24 ga Mayu

Alphonse ya dubi azara, ya dubi zaren da muka tanada yana lilo ba komai, ya dube ni. Sai ya ce an ce akwai wani sabo mai inji huɗu, ko mu aika a kawo? Na ce mu aika. Mutumin kirki ne, Allah ya bar mu tare.

Juma'a, 25 ga Mayu

Ruwa ya sauka jiya da yamma, mai yawa, har kwari ya kawo. Gari duka ƙanshin ƙasa. Inna Ajuma ta zo, ta sha fura, ta koma ita kaɗai. Za ta sa 'ya'yanta su yi shukar. Inna ta je allurarta da safe, ƙunshin an kwance.

Bayan la'asar Marguerite ta fita ɗebo ruwa. Ina zaune a rumfa ina gyaran aikin yara, bayana a jingine da bangon ɗakin. Ba goge, ba kiɗa, ba kowa a gidan. Sai na ji murya daga ciki, mai kauri, irin ta maza.

"Maikano."

Alƙalamin ya tsaya a hannuna. Muryar ban san ta ba. Tarin da ya biyo baya kuwa na san shi.

Na ce, "Na'am."

Can aka ce, "Ka ci tuwo?"

Na ce na ci.

Ban tashi daga wurin ba sai da Marguerite ta dawo. Ta ce me ya sami idona, na ce rubutun yaran nan ne ya yi ƙanana.